Koyon Sabon Harshe da Girma: Me Yake Yi wa Harshen Uwa?

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗaliban da karatu ya kai wata ƙasa, da 'yan kasuwa mazauna waje, da matan da aure ya ɗauke zuwa inda ba a jin harshensu, da ma'aikatan da ke wuni cikin Turanci ko Faransanci ko Larabci. Duk a kan abu ɗaya suke: yadda harshen uwa ke raunana ko sauyawa bayan mutum ya koyi wani. Masana suna kiran wannan al'amari zaizayar harshe. Misalan da muka kawo na Hausa ne, amma bayanin ya shafi Bafulatani ko Babarbare da ya koyi Hausa da girmansa.

1. Wanda ya girma da harshensa zai iya manta shi shaf saboda ya koyi wani?

Da wuya ƙwarai. Wanda ya kai kimanin shekara 12 yana amfani da harshen uwarsa kullum, harshen ya riga ya yi saiwa, kuma rashin amfani kaɗai ba ya tumɓuke shi. Masaniyar harshe Monika Schmid ta yi nazarin hirarrakin Yahudawan wani birnin Jamus da suka tsere wa mulkin Nazi a shekarun 1930 suka koma Ingila da Amurka. An naɗi hirarrakin ne bayan kusan shekara 60 da ficewarsu, wasunsu sun daɗe ba su yi Jamusanci da kowa ba, amma suka ba da tarihin rayuwarsu da shi, kurakuran nahawunsu 'yan kaɗan ne.

Abin da ke samun babba shi ne nauyin baki: kalma ta yi jinkirin zuwa, jimla ta ɗauki ƙirar baƙon harshe, lafazi ya ɗan gusa. Labarin yara daban ne, duba tambaya ta 13.

2. Me ya sa kalmar Turanci take riga ta Hausa zuwa bakina, alhali na san ta Hausar?

Domin harsunan da mutum ya sani ba sa barci, dukansu a farke suke a lokaci guda. Idan ka ga abin da ake tace koko da shi, sunansa na Hausa da na ɗaya harshen duk suna yunƙurowa, sai ƙwaƙwalwa ta danne wanda ba a bukata. Mai koyon sabon harshe yana wuni yana danne harshensa na asali, domin shi ne mai ƙarfi, shi ne ke son yin katsalandan. Wannan dannewa ba ta sakin kalmar nan take. A wani gwaji da aka wallafa a 2007, an sa ɗaliban Amurka masu koyon Sifaniyanci su yi ta faɗin sunayen hotuna da Sifaniyanci, bayan haka sai tuno sunayen waɗannan abubuwa da Turancinsu ya ƙara yi musu wuya.

Dalili na biyu shi ne yawan amfani. Kalma kamar turba ce a daji: wadda ake bi kullum tana nan fetal, wadda aka daina bi ciyawa ta rufe ta, amma ƙauyen da take kaiwa bai tashi ba. Shi ya sa idan “rariya” ta kwanta maka, da wani ya furta ta sai ka ce “yauwa, ita ce!” Ganewa ba ta bukatar ƙarfi kamar tunowa. Muddin kana gane kalma idan ka ji ta, ba ta ɓace ba.

3. Sai bayan shekara nawa abin yake farawa?

Ba ya jiran shekaru. Wani nazari na 2009 ya gwada ɗaliban Amurka da suka yi zangon karatu ɗaya a Sifaniya da takwarorinsu da suka koyi Sifaniyanci a aji a gida: waɗanda ke Sifaniya sun kawo kalmomin Turanci ƙasa da na gida a cikin lokacin da aka ba su. Masanin harshe Charles Chang kuma ya nuna a 2012 cewa masu jin Turanci da suka shiga kwas ɗin Koriyanci na mako 6 a Koriya ta Kudu, furucin Turancinsu ya fara gusawa tun a makonnin farko.

Abin kwantar da hankali shi ne canjin ba ya ci gaba da hauhawa har abada. Mafi yawansa yana faruwa ne a shekarun farko, daga nan ya lafa. Masana harshe Kees de Bot da Michael Clyne sun koma kan 'yan Holan mazauna Ostireliya bayan shekara 16 da gwajin farko, suka tarar harshensu bai ƙara wani raguwar a-zo-a-gani ba.

4. Wane ɓangaren harshe ne ya fi saurin taɓuwa?

Kalmomi ne a gaba, musamman waɗanda dama ba a cika faɗa ba: sunayen itatuwa da ciyayi, kayan masaƙa da na ƙira, sassan jikin dabba a mahauta, sunayen dangantaka na nesa irin su taubashi da agola da facala. Sai gudun magana: yawan tsayawa, “am”, “wato”, “abin nan”, da gyara jimla a tsakiya. Sai ƙirar jimla ta aro (tambaya ta 5), sai lafazi (tambaya ta 6). Ƙashin bayan nahawu shi ne na ƙarshe, kuma a wurin yawancin manya ko gezau ba ya yi.

Lissafi yana da nasa hali. Wanda ya yi makaranta ko ciniki da wani harshe yakan ƙirga kuɗi da lambar waya da shi, ko da Hausarsa lafiya lau take. Wannan sabo ne na aiki, kada a ɗauke shi alamar rauni.

5. Ina magana da kalmomin Hausa zalla, amma ana ce mini “wannan ba Hausa ba ce”. Ina matsalar?

Matsalar tana cikin ƙira. Mutum ya tsara tunaninsa da baƙon harshe, sannan ya sa wa kowace kalma rigar Hausa. Wannan ya fi aron kalma wuyar ganewa ga mai yinsa, domin kunnensa ba ya jin wani baƙon sauti da zai farkar da shi.

Mai Turanci zai ce “na kama mura”, alhali a Hausa mura ce ke kama mutum. Zai ce “ina da ciwon kai” maimakon “kaina na ciwo”, “ka ɗauki maganinka” maimakon “ka sha maganinka”, “na rasa ku” maimakon “na yi kewarku”, wanda a kunnen Bahaushe ma ya fi kusa da maganar mutuwa. Zai ce “ba ni kira” maimakon “kira ni”, “a ƙarshen rana” maimakon “daga ƙarshe”, “biya ziyara” maimakon “kai ziyara”. Mai Faransanci zai iya cewa “ina da yunwa” a wurin “ina jin yunwa”. Wani lokacin ma ma'anar ce ke karkacewa: “na ɗauki wanka” a bakin samari yana nufin caɓa ado ne, ba watsa ruwa ba.

A lura, wasu daga irin waɗannan maganganu sun daɗe da shiga har sun zama 'yan gida ta hanyar rediyo da jarida, kamar “taka rawa” da “ɗaukar mataki”. Ma'aunin da za ka yi amfani da shi mai sauƙi ne: da tsohuwar da ba ta shiga aji ba za ta ji wannan jimla, za ta gane nan take, ko sai ta ce “me ka ce?”

6. Na koma gida an ce harshena ya karye. Lafazin babba yana canzawa da gaske?

Yana canzawa, amma yawanci kaɗan-kaɗan. Misalin da aka fi aunawa shi ne sautin “t”, “k” da “p”. Bature ɗan Ingila ko Amurka yana furta su da ɗan hucin iska, Bafaranshe kuwa kusan babu. Riƙe takarda mara nauyi a gaban bakinka ka furta, za ka ga bambancin. Masanin furuci James Flege ya auna a 1987 ya tarar Faransawan da suka daɗe a Shikago, “t” ɗinsu ta Faransanci ta karkata wajen ta Turanci, Amurkawan da suka daɗe a Paris kuma tasu ta karkata wajen ta Faransanci. Akwai kuma nazarin 1997 a kan wata 'yar Birazil da ke kai-kawo tsakanin ƙasarta da Amurka: furucinta a harsunan biyu yana gusawa gwargwadon inda ta yi watannin baya.

Irin wannan gushi ana auna shi ne da ɗan mitsitsin daƙiƙa, na'ura ce ta fi kama shi. Amma idan ya taru a sautuka da yawa, kunnen 'yan gida yakan ji. An taɓa kunna wa Jamusawa muryoyin 'yan uwansu da suka daɗe a Kanada da Holan: wasu an ɗauke su baƙi, wasu kuwa ba a iya bambanta su da waɗanda ba su taɓa barin gida ba. Yawan shekarun da mutum ya yi a waje bai bayyana wannan bambanci ba. Duba tambaya ta 11 don abin da ya fi tasiri.

Sau da yawa kuma abin da dangi ke ji ba karyewar lafazi ba ce. Jinkiri ne, da tsofaffin kalmomin da aka daina yayi, da rashin sanin sababbin salon magana.

7. A Hausa takamaimai, waɗanne abubuwa ya kamata in sa wa kunne?

Na farko baƙaƙe masu ƙugiya da 'yan uwansu: ɓ, ɗ, ƙ, ts da 'y. Turanci da Faransanci ba su da su, kuma suna raba ma'ana: bari da ɓari, daka da ɗaka, kafa da ƙafa, kara da ƙara. Na biyu tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa: gari na zama da gari na tuwo, wuya ta jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya. Na uku “r” iri biyu, ta “ruwa” da ta “tara” na ƙirga.

Ga babban da ya tashi da Hausa, waɗannan suna da ƙarfin riƙo, domin tun yana goye ya ɗauke su. Inda za ka fi jin motsi shi ne a waƙar jimla gaba ɗaya, musamman wajen tambaya, da kuma kalmomin aro: mutum ya daina cewa “asibiti” da “makaniki” yadda Hausa ta narkar da su, ya koma furta su da bakin masu su. Wurin da ƙugiya da karin sauti suke zubewa sosai shi ne bakin 'ya'yan da aka haifa a waje.

8. Nahawu fa? Zan wayi gari ina cewa “mace ya zo”?

Ba a saba ganin haka ga wanda ya girma da karin harshe mai bambanta jinsi ba. Jinsi, jam'i irin su “gidaje” da “tumaki”, bambancin “sun zo” da “da suka zo”, da sauyin aikatau kamar saya, sayo, saye, sayar, duk suna cikin abubuwan da suka fi jure zama. Mutum zai iya yin tuntuɓe a jam'in da ba a cika ji ba, amma tsarin yana nan. Kuma rashin bambanta jinsi a wasu kare-karen Hausa, kamar Hausar zango a Ghana, tarihin wannan kari ne na shekaru aru-aru, ba rauni ba ne na mai magana.

Abin da ke gusawa shi ne zaɓi tsakanin hanyoyi biyu da nahawu ya halatta. A Italiyanci da Girkanci ana iya barin wakilin suna, sai an so jaddadawa ko sauya wanda ake magana a kansa ake kawo shi. Nazarin 2004 ya nuna masu waɗannan harsuna da suka ƙware a Turanci sun fara sassauta wannan ƙa'ida. Kwatankwacinsa a Hausa shi ne yawan “ni na je, ni na gani” a inda “na je, na gani” ya wadatar. Haka kuma jimla mai harshen damo irin “na gai da ƙanwar malamar da ke zaune a zaure”: wa ke zaune? Masu Sifaniyanci sun fi kai wa ta farko, masu Turanci ta biyu, kuma an samu a 2007 cewa masu Sifaniyancin da suka daɗe cikin masu Turanci sun koma fahimtar jimlolin harshensu irin na Turawa.

9. Ingausa alama ce ta cewa Hausata ta lalace?

Ba lallai ba. Surka harsuna biyu tsakanin mutanen da duk suna jin su ɗabi'a ce ta masu harshe biyu a ko'ina, kuma tana da ƙa'idojinta. Wanda ya ce “zan yi” sannan ya kawo aikatau na Turanci, ginin Hausa ya bi. Masanin harshe François Grosjean ya daɗe da jan hankali cewa mai harshe biyu ba mutum biyu masu harshe ɗaiɗai ba ne a jiki guda, don haka kuskure ne a auna shi da ma'aunin wanda bai san kowane harshe ba sai ɗaya.

Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: idan na zauna gaban wanda ba ya jin Turanci ko kaɗan, zan iya minti 10 ina bayani ba tare da na surka ba? Idan za ka iya, surkin zaɓi ne. Idan ka kasa, ya zama sanda da kake dogarawa, sai ka duba tambaya ta 16.

10. Mene ne bambancin wannan da aron kalmomi irin su tebur da mota?

Aro na al'umma ne, zaizaya ta mutum ɗaya ce. Hausa ta ari ashirin, talatin har zuwa casa'in daga Larabci, ta ari tebur da mota da burodi daga Turanci, a Nijar kuma ta ari lakwal da kamyo da bik daga Faransanci. Kalmar aro ta bi furucin Hausa, ta samu jinsi da jam'i, tebur ya zama tebura, kuma wanda bai san harshen da ta fito ba yana amfani da ita. Ba a neman kowa ya guje wa irin waɗannan.

11. Kullum ina Hausa da iyalina a gida, me ya sa duk da haka nake jin rauni?

Wannan yana cikin abubuwan da suka ba masu bincike mamaki. Nazarce-nazarcen Schmid da abokan aikinta a kan Jamusawa mazauna Kanada da Holan sun nuna yawan magana da harshen uwa a gida da cikin abokai bai cika hasashen wanda zai riƙe harshen da kyau ba. Abin da ya fi nuna tasiri shi ne amfani da shi a inda ba a yarda da surki ba, kamar wurin aiki, koyarwa ko tafinta.

Dalilin a bayyane yake idan aka duba. Hirar gida tana zagaye ne a kan abinci, makaranta, kuɗin haya da gaisuwa, kalmomi 'yan ɗaruruwa ana ta maimaitawa. Kuma kowa a gidan yana jin harshe na biyu, don haka da kalma ta yi gardama sai a cike gurbin da ta waje a wuce, ba a taɓa tilasta wa ƙwaƙwalwa ta tono ta ba. Zama da maɗaukin kanwa kuma shi ke kawo farin kai: 'yan ƙasa ɗaya da ke zaune a waje sukan koyi kurakuran juna har su daina jin su kurakurai ne.

12. To me ke sa wani ya fi wani zaizaya, alhali tare suka fita?

Shekarun da mutum yake da su lokacin fita su ne kan gaba: wanda ya fita yana yaro ya fi wanda ya fita yana babba haɗari. Sai irin amfanin da ake yi da harshen (tambaya ta 11). Sai baiwar harshe, domin wasu Allah ya hore musu riƙe harsuna a rarrabe. Sai ilimin karatu da rubutu a harshen uwa, wanda ke ba mutum hanyar saduwa da shi ko babu abokin hira.

Zuciya ma tana da nata rabo. A cikin Yahudawan da aka ambata a tambaya ta 1, waɗanda suka fita bayan farmakin da aka kai wa Yahudawa a Nuwamba 1938, wato waɗanda suka ɗanɗani mafi munin zalunci, su ne Jamusancinsu ya fi raunana, fiye da waɗanda suka fita tun farkon mulkin. Wanda aka sa ya ji kunyar harshensa, ko harshen yake tuna masa da wani ciwo, yakan nisance shi. Kusancin harsunan biyu ma yana da tasiri: inda kalmomi suka yi kama, sun fi saurin cuɗanya. Bahaushe mai koyon Larabci zai iya mayar da kalmomin da Hausa ta ara zuwa furucinsu da ma'anarsu ta asali ba tare da ya lura ba, abin da ba zai same shi da Sinanci ba.

13. 'Ya'yana fa? Abin da ya shafe ni zai shafe su daidai?

Nasu ya fi tsanani nesa ba kusa ba, kuma a nan ne ya kamata damuwar iyaye ta fi yawa. Yaro zai iya rasa harshen farko ɗungurungum. Mai bincike Christophe Pallier da abokan aikinsa sun gwada a 2003 wasu manya da aka haifa a Koriya, iyalan Faransawa suka ɗauke su riƙo suna tsakanin shekara 3 da 8. Ba su iya tsamo jimlolin Koriyanci daga cikin na wasu baƙin harsuna ba, hoton ƙwaƙwalwarsu ma bai nuna wani martani na musamman gare shi ba. Wani nazari na 2017 a Holan ya nuna ɗan burbushi yana saura, domin irin waɗannan mutane sun fi sauran saurin koyon sautukan Koriyanci, amma burbushi ba harshe ba ne.

Yaron da aka haifa a waje kuma bai manta komai ba, bai samu isasshe ba ne tun farko. Alamar farko ita ce a yi masa magana da Hausa ya amsa da harshen makaranta. Abin da ke taimakawa: iyaye su tsaya kan Hausa a gida ba tare da tsawa ba, a nema wa yaro abokan wasa masu jin ta, a riƙa haɗa shi da kakanni a waya, a yi masa tatsuniya da kacici-kacici, a koya masa karanta ta, kuma in da hali ya yi hutu mai tsawo a gida kafin ya kai shekara 12. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

14. Idan na koma gida, abin zai dawo?

Mafi yawansa yana dawowa, kuma da sauri. An gwada masu Sifaniyanci da suka daɗe a Birtaniya a wani nazari na 2016: waɗanda suka dawo daga hutun akalla mako ɗaya a ƙasarsu sun fi kusa da 'yan gida wajen fahimtar wakilin suna fiye da waɗanda ba su je ba. Gudun magana ne ke fara dawowa, sai kalmomi. Lafazi da ƙirar jimla ta aro sun fi jan lokaci, domin mai su ba ya jin su sai an nuna masa. Abin da ba zai dawo da kansa ba shi ne wanda ba ka taɓa sani ba: idan da Turanci ka karanci aikin likita ko injiniya, kalmomin wannan fanni a Hausa koyonsu za ka yi sabo.

15. Ta yaya zan auna kaina?

Ɗauki waya ka sa agogon daƙiƙa 60, ka jero sunayen dabbobi da Hausa iya iyawarka, kana naɗa. Maimaita da kayan kicin, da itatuwa, da sana'o'i. Washegari ka yi haka da ɗaya harshen. Sannan ka naɗi kanka minti 5 kana ba da labarin wani abu da ka kalla, kamar kana gaya wa kakarka. Saurara da biro a hannu ka ƙirga abu uku: sau nawa ka tsaya neman kalma, sau nawa baƙuwar kalma ta shigo, jimla nawa ce ke da ƙirar aro. Ka tura wa wani ɗan gida mai kunnen harshe ya faɗa maka abin da ya ji.

Kada ka gwada adadinka da na wani, ka gwada da naka na baya. Adana faifan, ka sake bayan wata 6. Kuma kada ka yi gwajin da ka dawo daga aiki a gajiye bayan wuni cikin baƙon harshe, domin sakamakon zai fi gaskiyar lamarin muni.

16. Waɗanne matakai ne suka fi amfani wajen kiyaye harshen uwa?

Na farko, ka samu aƙalla hira ɗaya a mako, ta minti 20 zuwa 30, da wanda ba ya jin harshenka na biyu, kuma ku wuce gaisuwa: noma, farashi, shari'ar gado, tarihin gidanku. Na biyu, idan kalma ta maƙale, ka ba ta daƙiƙa 10 kafin ka nemi mafita. In ta ƙi, kwatanta abin da Hausa, ka rubuta shi a waya, ka nemo kalmar daga baya, sannan ka yi amfani da ita sau biyu ko uku a ranar. Tonowa da kanka ce ke share turbar, jin kalmar kawai ba ya isa.

Na uku, ka bambanta abin da kake saurara. Labaran sashen Hausa na BBC, DW da RFI suna ba da kalmomin siyasa da tattalin arziki, amma da yawansu fassara ne, don haka a haɗa da wa'azi, waƙoƙin baka, wasan kwaikwayo da shirye-shiryen da masu sauraro ke bugo waya. Na huɗu, karatu a bayyane na minti 10 a rana, domin shi ke tilasta maka sanya karin sauti da tsawon wasali a inda rubutu bai nuna ba. Na biyar, rubutu: sa allon rubutun Hausa a waya, Gboard yana da shi da baƙaƙe masu ƙugiya, ka daina taƙaita kalmomi irin na saƙon gaggawa.

Sai abin da aka fi mantawa, wato ladabin magana. Gaisuwa mai tsawo, kalaman ta'aziyya da na barka, sakaya sunan suruki ko ɗan fari, kewaye kafin roƙo. Wanda ya saba da harshen da ake tafiya kai tsaye zai iya yin Hausa mai tsabtar nahawu amma a ji ta da gautsi. Dangi sun fi saurin yafe kalmar da ta ɓace a kan gaisuwar da aka gutsure.

17. In daina Hausa na ɗan lokaci don in yi saurin koyon sabon harshen?

Babu bukata. Abin da ke kawo ƙwarewa shi ne yawan sa'o'in da ka yi kana ji da magana da sabon harshen. Ware masa lokutansa, aji, kasuwa, abokan karatu, ka bar wa Hausa nata. Nauyin bakin da za ka ji a watannin farko alama ce ta cewa ƙwaƙwalwa tana aikin da aka bayyana a tambaya ta 2. Masu harshe biyu da yawa ma sukan ce sai da suka koyi nahawun wani harshe suka fara lura da tsarin nasu.

18. Mahaifinmu ya tsufa, ya fara barin harshen da ya koya da girma yana komawa na ƙuruciya. Lafiya kuwa?

Ga tsoho mai lafiya, sau da yawa sauyin rayuwa ne: ya bar aiki, abokan hulɗa sun ragu, ya koma cikin iyali. Amma a cutar mantuwa, harshen da aka koya daga baya yakan riga na farko raunana, mutum ya riƙa yi wa ma'aikatan jinya magana da harshen da ba sa ji ba tare da ya lura ba. Idan komawar ta zo tare da mance hanya, maimaita tambaya ɗaya, ko kasa gane 'yan uwa, a kai shi wurin likita, kuma a nemi a gwada shi da harshen da ya fi ƙarfi a kai, domin gwaji da harshe mai rauni yana iya nuna cutar ta fi yadda take.

19. Yaushe matsalar harshe take zama ta gaggawa?

Zaizayar harshe a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru, kuma ba ta hana fahimta. Idan magana ta rikice farat ɗaya, mutum ya kasa furta kalmomin yau da kullum a kowane harshe, ko ya kasa gane abin da ake faɗa masa, ko ɗaya harshen ya ɗauke masa cikin sa'o'i, musamman tare da karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A garzaya asibiti nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne yawanci cikin awa huɗu da rabi na farko. Kada a ba shi abinci, ruwa ko magani ta baki a hanya, saboda haɗiya ma tana iya samun matsala.